Ranar da Delfino Ya Ce Hanyar Jirgi Ba Ta da Tudu

Rumfata tana bakin hanyar gudu, daidai inda tsohuwar tashar jirgin kwal take a garinmu, Piedra Fria. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gasa koren barkono a wurin, ina naɗa burito, wato lallausar gurasa da ake naɗe wake da naman rago a ciki. Tun da aka kwashe ƙarfen jirgi aka malala kwalta a kan hanyar, duk wanda ya fito gudu, ko hawan keke, ko yawo da kare, a gabana yake farawa da kuri, a gabana yake ƙarewa da yunwa. Filin da rumfar take kai surukina ne ya bar wa 'ya'yansa biyu. Rabi na mijina Amadeo ne, Allah ya ji ƙansa. Rabi kuwa na ƙaninsa Delfino, wanda ya bar garin nan yana ɗan shekara goma sha bakwai ya tafi birnin Houston can kusa da bakin teku, bai ƙara waiwayo ba sai dai katin Kirsimeti.

Kwatsam a kakar bara, ranar wata Laraba, lokacin da ganyen itatuwan aspen ya soma zama ruwan ɗorawa a jikin duwatsu, sai ga jar mota ta tsaya. Tumbi ne ya fara fitowa, sannan takalmi mai launin lemo, sannan mai su.

"Matar Yaya! Har yanzu kina nan kina shan hayaƙi?"

Na ce, "Ina nan. Kai ne wannan, ko haɗiye Delfino ka yi ka taho mana da shi?"

Bai ji haushi ba, don shi ba ya jin abin da ba yabo ba. Ya zauna ya ci burito biyu bai tambayi ko na sayarwa ne ba, sannan ya warware wata doguwar takarda a kan teburina. Zanen gini ne na gilashi. Wai Makarantar Gudu ta Delfino. A nan za a sayar da takalma, a can za a matsa wani koren ruwa a ba mutane su sha. Na sa yatsa ina neman inda murhuna yake a cikin zanen.

"A'a, murhu kuma? Ai masu gudun zamani ba sa cin wannan kayan nauyin. Ke sai ki huta, matar Yaya. Kin tsufa."

"Shekara biyu na girme ka."

"A takarda. Amma dubi jikina." Ya bugi tumbin, tumbin ya amsa. "Ni ɗin nan da kike gani, mil goma nake yi kullum kafin karin kumallo."

Sai daga baya muka ji cewa a kan inji yake yin mil goman, cikin ɗaki mai sanyi, yana kallon talabijin, kuma ba goma ba ne.

Na ce ba na tashi. Ya ce to akwai lauya. Filin ɗan mitsitsi ne, ba ya rabuwa biyu, in aka je gaban alƙali cewa zai yi a sayar a raba. Wannan kam gaskiya ya faɗa. Ni ba ni da wani wuri. Amadeo ne ya kafa ginshiƙan rumfar nan da hannunsa, ana saura shekara ɗaya ya rasu.

Ranar Juma'a ya dawo, ya tarar da Orval Hatcher da Lorraine Pacheco suna shan kofi a teburina. Orval shi ne mai alfadara Mabel, mutumin da in ya yi magana biyar a wuni to ya yi surutu. Lorraine kuwa shekara talatin ta yi tana riƙe da gidan waya, yanzu tana da saba'in da huɗu, kullum da safe ita da tsofaffin matan coci suna hawa hanyar da sandunansu. Delfino ya tsaya a gabansu yana miƙe ƙafa a kan bencina.

"Wannan 'yar hanyar taku, mil nawa ce daga ƙarshenta, can Cumbre, zuwa nan?"

"Tara," in ji Orval.

"Tara kacal? Awa biyu, da tsayawa ɗaukar hoto."

Orval ya dubi tumbin, ya kurɓi kofinsa.

Ni ce bakina ya riga hankalina. Na ce, "Sa rabinka na filin mana, in ka isa."

Ya juyo da murmushi. "Ke ma ki sa naki. In na yi, ki kwashe tukwanenki. In na kasa, na sa miki hannu, filin duka naki."

Lorraine ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Mutum ko da tumbi ne, in aka sako shi daga Cumbre yana iya mirginowa gari cikin awa biyu. Amma ni ba a taɓa sayar mini da buhun barkono a kan farashin farko ba, ba kuwa zan fara a kan rumfata ba. Na goge hannu na zauna.

"Daga nan za ka tashi, ka ƙare a Cumbre."

"Haba! Wa zai gan ni a Cumbre? Barewa? Na riga na ba da a rubuta mini ƙyallen ƙarshen tsere, a nan za a rataye shi, a gaban jama'a."

"Rataye shi a nan ɗin, a ga tashinka."

"Ban yarda ba."

"To a fasa. Mu haɗu gaban alƙali." Na miƙe kamar zan koma murhu.

"Tsaya mana. In na yarda, me za ki ba ni?"

"Rabin awa."

"Awa ɗaya."

Na dafe kai. Na yi kamar an zare mini haƙori. Na ce Lorraine ki ji zalunci, a kan gwauruwa. Na ce minti arba'in. Ya ce awa ɗaya ko ya tafi. Na ce to shi ke nan, awa uku ke nan, daga ƙarfe tara na safiyar Lahadi zuwa ƙararrawar coci ta sha biyu. Ya ga ya samu, sai ya ƙara da cewa karin kumallon ranar ma a kaina. Na yi ta ja, na yi ta ja, sannan na sallama masa burito biyu, manya.

Ya bushe da dariya yana duban su Orval. "Kun ga abin da rashin makaranta yake yi? Ta ba ni awa guda a banza! Hanyar jirgi ce fa. Jirgi yana hawa tudu ne? Shimfiɗe take kamar tebur, ko ta nan ka bi ko ta can, duk ɗaya."

Orval ya shaƙe da kofi.

Gaskiya ne, a aji uku na tsaya. Amma shekara ashirin da biyu Amadeo ya yi yana riƙe birkin jirgin nan. In sun ɗauko kwal daga Cumbre, injin ba ya aikin komai, birki kawai ake dannawa har gari. In za su koma fanko kuwa, sai ka ji shi yana nishi kamar tsohon jaki. Ido ba ya ganin hawan, don injiniyoyi sun shimfiɗa shi a hankali a hankali, amma gwiwa tana gani. Ko yaron goye a garin nan ya san inda ruwan lambatun da ke bin gefen hanyar yake nufa. Ga kuma iskarmu ta kan dutse, wadda in baƙo ya zo daga bakin teku sai ya yi mako biyu yana haki a kan matakalar coci. Delfino kwanansa biyu da zuwa.

Lorraine ta rubuta yarjejeniyar a bayan takardar jerin abinci. Na ce ta karanta mini sau biyu, a hankali. A karo na biyu na tsayar da ita.

"Ƙara a wurin nan: da ƙafafunsa biyu."

"Da na wa zan yi?" in ji Delfino.

"Ƙara dai."

Aka shirya Orval zai hau Mabel ya jira a Cumbre a matsayin shaida, ni kuma in bi shi a baya da kekena mai ƙafa uku mai batir, wanda nake kai wa masu gyaran hanya abinci da shi.

Ranar Asabar da yamma na zaga bayan rumfa ɗebo itace, sai na ga tsohon keken Amadeo ba ya nan. Shekara goma yana jingine a wurin, ciyawa ta fito ta cikin ƙafafunsa. Ga sawun takalmi sabo fil a ƙasa, mai zanen tauraro. Na tsaya na dubi wurin. Sannan na ɗaga kai na dubi jerin jan barkonon da na rataye a bakin rumfa yana bushewa, a jikin wasu siraran wayoyi biyu masu ƙarfi, waɗanda na ciro tun shekara shida da suka wuce daga birkin keken nan. Na ɗebi itacena na koma ciki.

Lahadi, bayan addu'ar safe, rabin gari ya taru a gaban rumfata. Ban taɓa ciniki irin na ranar ba. Delfino ya rataye ƙyallensa daga ginshiƙina zuwa sandar wuta, da sunansa da manyan haruffan da ko ni na iya karantawa. Sannan ya fito daga mota. Gajeren wando mai ƙyalli, jakar ruwa a baya da 'yar tiyo a bakinsa, agogo mai magana a hannu, ga ƙararrawa shida a ɗaure a ƙugu, wai don korar beyar, wata ƙatuwar dabbar dajin nan.

"Delfino, tsere za ka ko jan keken Kirsimeti?" wani ya ƙwala daga baya.

"Ku yi dariyarku yau. Gobe a layi za ku tsaya kuna roƙon in koya muku."

Ya zauna ya cinye buritonsa biyu. Na zuba masa wake da hannu sake, na ƙara cuku, na ɗora barkonon da nake ɓoye wa masu kiwon shanu. Alkawari na yi, kuma ni ba na tauye mudu.

Ƙarfe tara ya buga, ya fita kamar an harba shi, ƙararrawa na ta kacau-kacau. Ya kama tsakiyar hanya, a kan layi mai ruwan ɗorawa da ya raba ta biyu. Kowa ya san dama ake bi. Na murɗa kekena na bi shi ina kira.

"Koma dama, ƙanin miji!"

"Gwani tsakiya yake bi!"

Ba mu kai turken mil ɗaya ba sai ga 'yan ƙungiyar keke su kusan goma sha biyar sun gangaro daga sama, ba mai taka feda ko ɗaya, suna ta kaɗa ƙararrawa. Delfino ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗaga musu hannu biyu. Na gaba ya kauce hagu, Delfino ya kauce hagu. Ya kauce dama, Delfino ya bi shi. Daga ƙarshe dai Delfino ne ya bar musu kwaltar, ya shiga cikin ƙayar da ke gefe da baya.

"Baba, ko dai ka ɓata ne? Gidan tsofaffi yana can ƙasa!" in ji wata yarinya tana wucewa.

Ya fito yana cire ƙaya daga inda ba zan faɗa ba. Na ce, "Ka lura ba sa taka feda?"

"Ragwaye ne," ya ce, ya ci gaba.

A mil biyu gudun ya koma sassarfa. A biyu da rabi sassarfar ta koma wani abu da ba shi da suna, hannuwa suna gudu, ƙafafu suna tafiya. Fuskarsa ta yi ja kamar barkonon da ke bakin rumfata. Ga duwatsu a gabanmu da farar dusar ƙanƙara a kawunansu, ga rafi yana sheƙi a ƙasa, baƙi sukan tsaya nan su yi ta ɗaukar hoto. Shi ma ya tsaya, ya dafa gwiwa, baki buɗe.

"Hoton ne?" na tambaya.

"Iskar... garin nan... an rage ta."

"E, hukuma ce ta rage. Sai ranar Litinin ake ƙarowa."

Sai agogon nasa ya yi magana, da muryar wata mace mai ladabi, ya ce ya lura an daina motsi, ko a rufe lissafin gudun yau? Delfino ya mare shi. Daga nan kuma buritona ya fara nasa bayanin. Ban san wake yana da murya haka ba. Sau biyu yana shiga cikin itatuwa, kuma da ƙararrawa shida a ƙugu, duk wanda ke kan hanyar ya san inda ya tsugunna da tsawon lokacin da ya ɗauka.

Wajen mil uku muka ji ƙwas-ƙwas a bayanmu. Lorraine ce da matan coci su biyar, kowacce da sanduna biyu da hular rana.

"Za mu wuce ta hagunka, ɗan samari!" in ji Lorraine, yadda ake yi.

"Ba mai wuce ni!" Ya zabura, ya yi taku kamar ashirin da gudu, ya tsaya yana tari. Suka zo suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, ba su ko katse hirarsu ta ciwon gwiwar Fada, limamin cocinmu, ba. Ta ƙarshensu, Doña Eulalia, wadda aka sa wa sabon ƙugu na ƙarfe bara, ta tsaya ta miƙa masa sandarta ɗaya.

"Riƙe, ɗana. Ni guda ta ishe ni."

"Dabara ce!" ya ce da ni bayan sun yi nisa. "Gwanaye a ƙarshe suke sakin ƙarfi."

"Ai na ji kana ta sakinsa tun ɗazu."

Bayan su wata mata ta wuce mu da gudu tana tura keken tagwaye. Ɗaya daga cikin tagwayen ya leƙo ya yi masa bai-bai.

A mil huɗu hanyar tana ratsa jikin dutse, tudu a dama, gangare a hagu. Nan Orval ya cim mana a kan Mabel, zai wuce Cumbre. To, kowa ya san abin da ake yi in dabba ta zo wucewa. Ka tsaya, ka koma gefen gangare inda za ta gan ka a ƙasa da ita, ka yi mata magana don ta san mutum ne. Na ja kekena gefe na ce, "Sannu Mabel, sannu 'yar gari." Ta kaɗa kunne.

Delfino kuwa, don kada Orval ya ga halin da yake ciki, sai ya rarrafa ya hau gefen tudu, ya laɓe a bayan wata bishiya, ya yi tsit. Wato shi ya yi tsit, ƙugunsa bai yi ba. Mabel ta tsaya cak. A wurin alfadara, abin da ya hau sama da ita ya ɓuya yana leƙe, zakin dutse ne.

"Yi magana, Delfino," in ji Orval.

Shiru. Kacau.

"Ka yi magana ta san kai mutum ne."

Da doki ne da ya juya ya zura da gudu. Mabel ba ta gudu. Ta sa kai ta haura tudun da Orval a bayanta, ta zaga bishiyar, ta cafki jakar ruwan da ke bayan Delfino da haƙora, ta ɗaga, ta girgiza shi kamar mai kakkaɓe bargo. A nan ne ya yi magana. Ya kira uwarsa, ya kira waliyyai uku. Jakar ta fashe, ruwan ya bi ta cikin wandon mai ƙyalli har cikin takalmi mai launin lemo. Mabel ta ji muryar mutum, ta sake shi, ta sauko abinta.

"Yanzu ta sani," in ji Orval, ya taɓa hularsa ya wuce.

Da muka ja jiki zuwa turken mil biyar, agogona ya nuna sha ɗaya da minti talatin da biyar. Saura mil huɗu, saura minti ashirin da biyar. Delfino yana tafe da sandar Doña Eulalia, takalmi na fitar da ruwa, amma sai na ga idonsa yana ta komawa kan wani kurmin itatuwa a bakin rafi.

"Matar Yaya," ya ce da wata murya mai zaƙi, "ki yi gaba ki jira ni a Cumbre. Warin barkonon kekenki ne yake hana ni numfashi."

"Ai ni shaida ce."

"Orval yana can. Kuma zan ɗan shiga daji."

"To, kunya ta hana ni musu."

Na murɗa na yi gaba, na sha kwana, na kashe keken a bayan wani dutse, na dawo da ƙafa na leƙa. Sai ga shi ya fito daga kurmin yana jan keken Amadeo. Ya kwance ƙararrawar ƙugunsa ya jefar a ciyawa. Dabararsa ke nan: ya hau mil uku da rabi, ya yar da keken, ya ƙarasa gaban Orval da gudu. Yadda zai wuce ni a hanya kuwa, ban jin tunaninsa ya kai nan.

Ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya hau. Ya taka sau ɗaya, keken ya yi ƙara. Ya taka na biyu da dukkan nauyinsa, sarƙar da ta shekara goma tana tsatsa ta tsinke, ta naɗe igiyar takalminsa a jikin feda. Keken ya tsaya kamar mai tunani. Sannan ya fara komawa baya. Delfino ya murɗa kan don kada ya faɗi, keken ya juyo ya fuskanci gari.

Allah ya sani na yi niyyar gaya masa. Na ma buɗe baki. Kafin in haɗa maganar ya yi nisan taku ashirin, sai na ƙwala, "Babu birki!"

"Na gani!" in ji shi, yana matsa hannayen birkin biyu, suna kaɗawa a banza.

Ƙafa ɗaya a ɗaure, ɗayar kuma jijiya ta ɗaure ta, ta miƙe a gefe kamar reshe. Na ruga na hau nawa na bi shi. Ai Amadeo bai yi ƙarya ba. Hanyar da ido ya ce shimfiɗe take, ita ta ɗauki Delfino kamar taragon kwal, tana ƙara masa gudu a kowane turke. Mil biyar ɗin da ya yi awa biyu da rabi yana hawa, ga su suna wucewa fiu-fiu. Ya wuce bishiyar Mabel. Ya wuce wurin ɗaukar hoto, inda wasu baƙi suka juyo da kyamara suka same shi. Masu kare suna janye karnukansu, masu gudu suna tsalle cikin ciyawa. Wannan karon kam ya koyi dokar hanya, don tun daga nesa nake jin muryarsa.

"Ta hagunku! Ta damanku! Ta ko'ina! Ku kauce!"

Mil na ƙarshe miƙe yake sambal, ina hango komai daga baya. Jama'a ba su watse ba, sun ƙaru ma, don masu addu'ar sha ɗaya sun fito. Suka dare biyu. Delfino ya shigo da ihu, ya ratsa ƙyallensa da ƙirji, ƙyallen ya naɗe masa kai, keken ya bugi bencina, shi kuma ya tashi sama ya sauka zaune a cikin lambatu. Ruwa ya yi tsalle. Daidai nan ƙararrawar coci ta fara buga sha biyu.

Na iso na taka birkina, don nawa yana da shi. Aka yi tsit ana jira a ga ko ya karye. Sai ƙyallen ya motsa, kai ya fito, da ciyawar ruwa a kunne. Ya dubi jama'a. Ya ɗaga hannu ɗaya sama.

"Na kai!" ya ce. "Na kai Cumbre har na dawo! Mil goma sha takwas!"

Wallahi har wasu baƙi sun fara tafi.

Na ciro wayata na kira Lorraine, na buɗe murya yadda kowa zai ji. "Kuna ina?"

"Muna Cumbre muna cin tuffa. Ga Orval."

"Orval, Delfino ya iso?"

"A'a," in ji Orval. "Doña Eulalia tana tambayar sandarta."

Dariyar da aka yi har Fada sai da ya zauna a kan matakala. Delfino bai saduda ba. Ya ce an yi masa maƙarƙashiya, an ba shi wake, an sako masa alfadara, an lalata birki.

"Birkin wane keke?" na ce. "Ai da ƙafafunka biyu muka rubuta. Kuma wa ya ba ka keken mijina?"

Ya cire ciyawar daga kunnensa. Sannan ya ce ai ko ma mene ne, iska ce ta turo shi, hanyar dai shimfiɗe take. A daidai lokacin takalminsa ɗaya, mai launin lemo, ya kuɓuce ya hau kan ruwa. Duk muka tsaya muna kallonsa yana tafiya a hankali, ya bi ta ƙarƙashin 'yar gada, ya nufi cikin gari.

Na ce, "Ƙanin miji, kai da ka yi makaranta. Takalminka wa yake tura shi?"

Da yamma Lorraine ta sauko da takardar. Ya sa hannu a kan gindin tukunyata da na kife, yana lulluɓe da bargon Mabel. Ni ma na sa nawa, harafi ɗaya bayan ɗaya, Ofelia Trujillo, ban yi sauri ba, don ina so ya daɗe yana kallo. Washegari muka je ofishin filaye aka buga hatimi.

Bai koma Houston ba. Ya ce iskar garin ta fara karɓarsa. Yanzu kullum da safe yana kan bencin da na sa shi ya gyara, yana tare baƙi yana gaya musu cewa a tarihin hanyar nan ba a taɓa yin wanda ya sauko mil biyar da sauri kamarsa ba. Ni ba na ƙaryata shi, don gaskiya ne, kuma masu sauraro suna jin yunwa. In ya gama sai in miƙa masa soso ya wanke tukwane, shi ne kuɗin zama.

Jiya ya ce in ba shi wayoyin birkin ya gyara keken Yaya. Na ce sai barkonona ya gama bushewa, sannan mu zauna mu yi ciniki.